Ciwon Suga da Tukunyar Gidanmu



Shekara huɗu ke nan ina zagaya ƙungiyoyin adashe ina zama da ku ranar zubi. Aikina dai kun san shi, bai wuce duba littafi ba: wa ta zuba, wa ta ci bashi, wa ta biya, nawa ya rage a akwati. To a wajen duba littafin nan ne na lura da wani abu. In na tambayi dalilin da ya sa aka taɓa asusun taimako, ko abin da ya hana wance biyan bashinta a kan lokaci, sau da yawa amsar ita ce jinya. Kuma sunan ciwo biyu ne suke ta dawowa a bakinku, hawan jini da ciwon suga. Da can mun ɗauka ciwon Alhazan birni ne. Yanzu ga shi a kan tabarmarmu.

Ni ba likita ba ce, kun sani. Abin da zan faɗa muku na samo shi ne daga horon da aka yi mana, da bakin ma'aikatan lafiya da na yi ta damu da tambaya, da kuma jinyar gwaggona, ƙanwar babanmu, wadda na yi kusan shekara guda ina yi wa girki.

Gwaggo mace ce mai jiki, tubarkalla. Tun da 'ya'yanta maza suka yi aure, surukai suka karɓi daka da girki, sai ta koma zama a ƙofar ɗakinta tana sayar da gishiri da magi da man gyaɗa. Kowa ya gan ta sai ya ce Gwaggo an samu hutu. Can sai ƙishirwa ta fara damunta, ga fitsari sau huɗu sau biyar a dare ɗaya, ga rama ba dalili. Aka ce sanyi ne, aka ce shawara ce, wasu ma suka ce baki ne ya kama ta. Aka yi ta jiƙe-jiƙe. Rannan ta taka ƙaya a tsakar gida, ba ta ma ji ba, sai da jikarta ta ga jini a tabarma. Ciwon da ya kamata ya warke cikin mako guda ya yi wata uku yana ruwa. Da aka kai ta babban asibiti aka auna, sugan jininta ya haura 300. An yanke mata yatsu biyu na ƙafa. Tumakinta biyu da kuɗin rabonta na shekarar duk a nan suka tafi.

Da muka dawo gida sai muka sake yin wani kuskuren. Duk wanda ya zo dubiya da nasa hukuncin: kar ta ci tuwo, kar ta ci shinkafa, sai wake, sai alkama, sai acca. Muka bi. Baiwar Allah ta yi wata guda tana cin wake safe da dare har ta tsani ƙamshinsa, ni kuma ina yawon kasuwa neman acca da tsadarta. Ashe in na fita, aiken jikarta take yi maƙwabta a sammata tuwo, ta cinye malmala uku a ɓoye. Ranar da na gane na yi faɗa, ita kuma ta fashe da kuka ta ce, "'Yar nan, ciwon bai kashe ni ba, ke za ki kashe ni da yunwa?" Da muka koma asibiti na kai ƙararta wurin nas, sai nas ɗin ta yi dariya ta ce ai laifina ya fi na Gwaggo. Ita ce ta zaunar da ni ta warware mini zancen tun daga tushe.

Me yake faruwa a cikin jiki?

Duk abincin da aka yi da hatsi, ko rogo, ko dankali, ko doya, in ya shiga ciki narkewa yake yi ya koma suga, ko da ba ki ji zaƙi a baki ba. Tuwon dawa suga yake komawa, haka shinkafa, haka alkama, haka accar da na yi ta wahalar nema. Wannan ba aibu ba ne, da shi jiki yake samun ƙarfin aiki. Sugan yana shiga jini, jini ya zaga da shi ko'ina, amma ba ya iya shiga tsoka sai an buɗe masa. Mai buɗewar wani sinadari ne da ake kira insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi take samarwa.

Ku ɗauka kamar akwatinmu ne. An taru, kowa ta kawo zubinta, kuɗi ya cika tabarma, amma masu riƙe makulli ba su zo ba, ko kuwa sun zo sun tarar kwaɗon akwatin ya yi tsatsa ya ƙi buɗuwa. Kuɗi birjik a waje, cikin akwati wayam. Haka mai ciwon suga take: jini cike da suga, jiki kuma yana fama da yunwa da kasala. Ƙoda ta yi ta ƙoƙarin fitar da rarar ta hanyar fitsari, shi ya sa fitsari yake yawa, shi ya sa ƙishirwa, shi ya sa wasu suke ganin kiyashi suna bin inda suka yi fitsari. In aka daɗe a haka, sugan yana lalata ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyi. Ido ya fara hazo, ƙafa ta daina ji ko ta riƙa raɗaɗi kamar an zuba barkono, ƙoda ta gaji, ga haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Abubuwan da suka fi sa kwaɗon nan tsatsa su ne kitsen da ke taruwa a ciki, da yawan zama, da gado, da girma. Wannan shi ne nau'i na biyu na ciwon, kuma cikin masu ciwon suga goma, tara shi ke gare su. Akwai nau'i na ɗaya da ya fi kama yara da matasa, inda jiki yake daina yin insulin ɗin. Shi ba shan zaƙi ne yake jawo shi ba, kuma gyaran abinci kaɗai ba ya riƙe shi, dole sai allura kullum. Akwai kuma wanda yake zuwa da juna biyu, yawanci ya tafi bayan haihuwa, amma ya bar gargaɗi. Duk wadda ta taɓa haifar jaririn da ya wuce kilo 4, ko aka ce mata suganta ya hau a wurin awo, ta riƙa yin gwaji.

Ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa manya kimanin miliyan 24 ne suke da shi a Afirka, sama da miliyan 3 da rabi a Najeriya kaɗai, kuma fiye da rabin masu shi a Afirka ba su san suna da shi ba. Gwaggo ma ai cikinsu take kafin ta taka ƙaya.

Maganar ƙiba

Nan ne na san za a harare ni. Mu a wurinmu ƙiba ado ce. Amarya ta zo ganin gida ta yi ɓulɓul, sai a ce miji yana kula da ita. In ta rame kuwa, uwa ta ja ta ɗaki ta tambaye ta ko lafiya suke zaune. Har akwai masu sayen ƙwayoyin ƙiba a kemis da hannun 'yan talla, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Don girman Allah ku hana 'ya'yanku. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan, kamar deksametason, magani ne mai ƙarfi na waɗansu cututtuka dabam. Kumburin fuska da na ciki da yake kawowa ba lafiya ba ce, kuma yana tayar da suga da hawan jini.

Ba kowace mai jiki ce take cikin haɗari iri ɗaya ba, kuma siririya ma tana kamuwa. Inda kitsen ya taru shi ne abin dubawa. Na cinya da na mazaunai da sauƙi, na ciki shi ne mugun. Ba sai kin nemi sikeli ba. A kowace ƙungiya akwai mai ɗinki, to ta zo da tef ɗinta. Ki miƙe tsaye, ki sassauta zani, a zagaya tef ɗin tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wajen saitin cibiya. Ki saki numfashi, kar ki shanye ciki don kunya. In ya kai santimita 80, wato inci 31 da rabi, to an shiga layin hattara. Na maza santimita 94 ne, ga mai iya lallashin maigida ya tsaya. Mai ciki da mai jego ba a auna su.

Abin daɗin shi ne ba a ce ki koma kamar karan dawa ba. A Amurka an yi wani babban bincike da aka fitar da sakamakonsa a 2002, a kan mutum fiye da 3,000 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Waɗanda aka taimaka wa suka gyara cin abinci, suka rage nauyi, suka riƙa tafiyar minti 30 kwana biyar a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100 a cikin kimanin shekara uku. Har sun fi waɗanda aka ba ƙwaya dacewa. Nauyin da aka nemi su rage kashi 7 cikin 100 ne kawai. Wato mace mai kilo 80 ta rage kilo 5 zuwa 6, kusan nauyin tiya biyu ta hatsi, a hankali cikin wata shida. Ba mai cewa kin rame. Zani ne kawai zai ɗan ƙara zagayawa.

Sai dai a ji ni da kyau: wannan ragin ba na mai ciki ba ne, ba na mai shayarwa ba, ba na yara ba, ba kuma na wadda dama ba ta da jiki ba. Wadda kuma take ramewa ba tare da ta rage cin komai ba, kar ta yi murna, ta je a auna ta.

A fara da abin sha

In za ki gyara abu ɗaya tak a wannan watan, to ki gyara abin sha. Sugan da aka narkar a ruwa ba ya tsayawa a ciki, nan da nan yake shiga jini, kuma ba ya ƙosarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da babba zai sha a yini kar ya wuce giram 50, kimanin ƙaramin cokali 12, in da hali ma a tsaya a 6. Wannan fa ga mai lafiya ke nan. To mu ƙirga tare. Koko da safe cokali uku. Fura da rana cokali huɗu. Shayi da daddare uku. In yaro ya zo da zoɓo ko kunun zaƙi a ƙulla an sha. Kun ga an wuce tun ba a je biki ba. Lemon roba mai santilita 50 kuwa shi kaɗai yana iya cinye cokali 12 ɗin nan gaba ɗaya. Kuma kar a ce an gudu daga suga an koma zuma, ko mazarƙwaila, ko rake. Sunan ne ya bambanta, a jini aikinsu kusan ɗaya.

Wadda ta riga ta kamu, ta bar su. Wadda take rigakafi ta riƙa ragewa da rabin cokali duk mako. Harshe yana sabawa, wallahi. Ni da nake zuba uku a shayi yanzu in aka zuba mini biyu ji nake ya ginshe ni. Zoɓo da citta da kanumfari yana shawuwa ba suga. Fura kuma a tuna gero ce da aka daka aka dafa, to a dama rabin ƙwallo da nono mai yawa maimakon ƙwallo biyu da ɗan nono. Koko da aka tace tas ya fi saurin tayar da suga a kan kunun da aka bar shi da tsakinsa, don haka mai ciwo ta sha kaɗan, ta haɗa da alala ko gyaɗa ko dafaffen ƙwai.

Malmala da miya

Ga abin da nas ta koya mini, wanda ya raba ni da faɗa da Gwaggo. Ta ce in ɗauki faranti in raba shi biyu a ido. Rabi guda na ganye da miya ne. Ɗaya rabin a sake raba shi biyu: gefe ɗaya tuwo ko shinkafa, gefe ɗaya wake, ko kifi, ko ƙwai, ko awara, ko nama in an samu. Tuwon kuma kar ya wuce girman dunƙulen hannun mai ci. Mu kuwa yadda muka saba, malmala uku ce a kwano, miya ta shafa ce kawai a sama. Juyawa za a yi, miya ta yi yawa ta yi kauri da ganye, tuwo ya zama ɗan rakiya. Tukunya ɗaya ce, ba a ƙara kuɗin cefane ba, hatsi ma ya ƙara auki a rumbu.

Na san yawancinmu a kwano ɗaya muke ci da yara ko da abokan zama, kuma a nan ba ka sanin abin da ka ci. Mai ciwo da mai rigakafi su zuba nasu dabam. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. In kuma ranar girkin abokiyar zamanki ce, ba sai an ɗora miki tukunya dabam ba har ya zama abin magana. Ki ce mata, "Yaya, a rage mini tuwo a ƙara mini miya." Ba na jin akwai wadda za ta ƙi.

Sai maganar surfe. Muna surfa dawa da masara mu wanke su fes, mu kai inji, mu tankaɗe da rariya mai laushi, don tuwo ya yi fari ya yi santsi a yabe mu. Dusar kuma mu ba akuya. To a cikin dusar nan ne harzar da ke rage saurin shigar suga jini take, da wasu sinadaran gina jiki. Akuya ta ci mai amfani ta yi sheƙi. A rage surfen, ko a niƙa da ɓawonsa in an wanke an tsince. Tuwon zai ɗan yi duhu, amma ya fi riƙe ciki. Dambun tsaki da aka cika da zogale, da faten tsaki mai rama da yakuwa, da burabuskon gero, duk sun fi farar shinkafa da taliya da burodi da garin kwaki. Alkama da acca kuwa hatsi ne kamar sauran. Suna da kyau, musamman in ba a cire musu dusa ba, amma wadda ta ci malmala uku ta tuwon alkama suganta zai hau. Kar ki ci bashin ƙungiya don sayen acca alhali ga dawa a rumbunki.

Wake abokin tafiya ne, ba a ce shi kaɗai za a ci ba. Yana ƙosarwa, yana gina jiki, kuma ba ya tayar da suga da sauri. In za ki dafa garau-garau, waken ya fi shinkafar yawa. Alala ta fi ƙosai don ba ta sha mai ba. Ɗanwake kuwa a yi hattara, don na yanzu garin rogo da fulawa sun fi waken yawa a ciki. Gurjiya da gyaɗa dafaffu suna da kyau a tsakanin abinci, cikin tafin hannu guda.

Ganye kam Allah ya hore mana. Zogale, rama, tafasa, yakuwa, alayyahu, lalo, kuɓewa, kuka, karkashi, yalo, ga kabeji da latas lokacin sanyi. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuliƙuli da tumatir da albasa abinci ne cikakke, in dai ba a barbaɗa masa suga ba kamar yadda wasu suke yi. Da damina ganyen nan har zubarwa ake yi, da bazara kuma a neme shi a rasa. Ku shanya a inuwa ku adana a buhu mai tsabta. Wata ƙungiya da nake zuwa ma sana'a suka mayar da shi.

Mai ba ya tayar da suga kai tsaye, amma shi ne ya fi komai tara ƙiba, don abin da yake bai wa jiki ya ninka na hatsi fiye da sau biyu in an auna su nauyi ɗaya. A daina tuttulawa daga kwalba, a auna da cokali. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin magi. Suga da hawan jini tare suke tafiya kamar Hassana da Usaina. A ƙara daddawa da citta da tafarnuwa, a rage dunƙulen magi. 'Ya'yan itace a ci su da ɓargonsu maimakon a matse ruwan: gwaba, lemo, gwanda, yankan kankana. Lokacin mangwaro ɗaya ya isa a zama guda, ba a ajiye roba a gaba ba.

Biki da suna

Wannan ya fi komai wuya, don kunya da kara. An kawo miki shinkafa da waina da lemo, ga alkaki da nakiya da dubulan, in kin ƙi a ce kin raina. Abin da Gwaggo take yi yanzu, tana cin ɗan kwaɗonta kafin ta fita don kar ta isa da yunwa. In an kawo ta ci nama da waina biyu, ta ce a ba ta ruwa, sauran ta ƙulle ta kawo gida a raba. Kuma ba ta ɓoye ciwonta, faɗa take yi, "Suga gare ni." Tun da ta fara faɗa, mata biyu a unguwarsu suka je gwaji. Mu ma mu duba kanmu: ranar rabon kuɗi kiret nawa na lemo muke saye daga asusu?

Tsallake abinci ba dabara ba ce. Wadda ta wuni ba ta ci ba, da daddare za ta rama da malmala huɗu ta kwanta a kai. Gara a ci sau uku daidai misali, na dare kuma a ci shi da wuri bayan magariba, a ɗan zazzaga tsakar gida minti goma ko sha biyar kafin a kwanta. Tsokar da take aiki tana jan suga daga jini.

Na san wasu za su ce, "Mu da muke daka da ɗiban ruwa da itace, wane motsa jiki kuma?" Gaskiyarku, wadda take wannan tana yin nata. Amma mu faɗi gaskiya, inji ya karɓi niƙa, babur ya karɓi tafiya, kuma da yawanmu sana'ar zaune muke yi: ɗinkin hula, saƙa, suyar ƙosai, tsaron kanti. Iyayenmu da suka samu surukai kuwa sun ajiye taɓarya gaba ɗaya. Inna, hutun nan a rage shi. Minti 30 a yini, kwana biyar a mako, na aikin da zai sa ki ɗan yi gumi. Wadda ba ta fita, shara da surfe da zagayen tsakar gida da sauri sun wadatar, ko da an raba shi minti goma-goma.

Ga masu shan magani

Gyaran abinci ba ya maye gurbin maganin asibiti. Masu lasifika a kasuwa za su ce miki ga gora ɗaya da za ta wanke suga har abada. Zogale abinci ne mai kyau, shuwaka ma haka, amma ba a ajiye ƙwaya saboda su. Ciwon suga riƙe shi ake yi, kuma mai riƙe shi da kyau tana iya tsufa da idonta da ƙafarta.

Mai yin allurar insulin ko shan ƙwaya irin gilbenkilamaid, in ta sha magani ba ta ci abinci ba suganta yana iya faɗuwa ƙasa sosai. Alamarsa rawar jiki, gumi, bugun zuciya, jiri, ruɗewa. A wannan lokacin kam suga shi ne magani: ƙaramin cokali uku a ruwa ta sha nan take, sannan ta ci abinci. Ta riƙa yawo da ƙwayar suga uku ko huɗu a ƙulle a bakin zani. In ta suma kar a ɗura mata komai a baki, a garzaya asibiti. Kafin watan azumi ta je ta ga ma'aikacin lafiya a gyara mata lokutan magani, a kuma faɗa mata ko azumin zai yiwu. In tana azumi ta auna ta ga ƙasa da 70 ko sama da 300, ta karya. Da shan ruwa dabino ɗaya zuwa uku da ruwa sun isa a fara, ba kofi uku na kunun zaƙi ba. Ƙafa kuma a duba ta kullum da hasken rana, har tsakanin yatsu, a daina tafiya ba takalmi ko a tsakar gida ne, a daina gasa ta a kaskon wuta lokacin hunturu.

Gwajin kansa ɗigon jini ne daga yatsa, bai kai minti biyu ba. In an yi shi da safe kafin a ci komai, ƙasa da 100 lafiya lau. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, kuma a nan ne gyaran tukunya ya fi aiki. In ya kai 126 ko ya wuce, aka sake wata rana ya maimaita, to ciwon ne. Wasu na'urorin da ƙananan lambobi suke ƙirgawa, a wurinsu 126 shi ne 7.0, don haka ki tambayi mai gwajin ya rubuta miki a takarda. Duk wadda ta kai shekara 40, ko take da mai ciwon a danginta, ko tef ya nuna 80, ko take da hawan jini, ta yi ƙoƙarin gwadawa sau ɗaya a shekara.

Ƙungiya tana iya sauƙaƙa wannan. Shugaba da magatakarda su je asibitin da ke kusa su roƙi ma'aikaciya ta zo ranar zubi, a mayar da taron na safe, kowa ta zo ba ta karya ba, a fitar da kuɗin tsinken gwaji daga asusun taimako in mambobi sun amince. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon suga ta duniya, kuma a lokacin wasu asibitoci da ƙungiyoyi sukan yi gwaji kyauta, sai a sa kunne.

A zama mai zuwa ina roƙon mai ɗinkin kowace ƙungiya ta zo da tef, za mu shiga ɗaki biyu-biyu mu auna, ba mai ganin lambar wata. Kafin nan kowa ta ƙirga cokalin sugan da take sha a yini, ta ja layi da gawayi a bango in ba ta rubutu. Wadda take da busasshen zogale ko rama ta zo da kaɗan, ni zan zo da ƙuliƙuli. Gwaggo ta ce in an samu mai kawo ta a babur za ta zo ta nuna muku ƙafarta da kanta.